Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Wa Ya Zana Matan Ƙasar Hausa?

Hoton kakata guda ɗaya ne tak a duniya. An ɗauke shi a shagon wani mai hoto a Funtuwa shekarar da za ta sauke farali, domin a manna a fasfo. Ta yafa farin mayafi, ta tsuke baki, idanunta sun kafe kamar wadda aka gurfanar gaban alƙali. Ranar sadakar bakwai ɗinta na shiga cikin gida a Bakori don gaida mata, na buɗe hoton a waya na miƙa wa Gwaggo, ƙanwar mahaifina. Ta daɗe tana kallo, sannan ta mayar mini da wayar ta ce, “Ai wannan ba Iya ba ce, ɗan nan. Tsoron mai hoto ne ka adana.”

Daga nan ita da sauran matan suka ɓalle da labarin Iya. Yadda ɗaurin ɗankwalinta yake karkata in ranta ya ɓaci. Yadda take ƙara gyara in yaron da aka aiko sayen daddawa maraya ne. Wushiryar da ba ta bayyana sai dariya ta ci ƙarfinta. Shekarar da aka yi fari ta sayar da tunkiyarta ta saya wa kishiyarta magani, alhali sun yi wata biyu ba su ga maciji. Kafin a kira la’asar sun zana mini matar da na sani, har ma da wadda ban sani ba.

Tun daga ranar wata tambaya take bina. A tarihin ƙasar nan, wace mace ce ta taɓa zama ta dubi wata mace ’yar’uwarta, ta bar mana kamanninta? Da na fara nema, zanen fenti nake tsammanin samu. Abin da na tarar ya sa na sake tunanin ma’anar hoto.

Fuskar Amina daga hannun maza ta fito

Babu macen da ta kai Sarauniya Amina ta Zazzau suna a tarihin Hausa. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ake sa mulkinsa tsakanin 1421 da 1438. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nupe, kuma Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello shi ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri. Wasu masana kuwa sun mayar da zamaninta ƙarni na 16, a matsayin ’yar Bakwa Turunku. Duk cikin waɗannan bayanai, yaƙi da haraji da ganuwa ake lissafawa. Doguwa ce ko gajera, tana da tsaga ko babu, wannan bai dami marubutan ba.

To daga ina fuskar da muka sani ta fito? Daga shekarun 1970. A 1975, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa mata, Najeriya ta fitar da kan sarki mai hoton Amina. A zamanin bikin FESTAC na 1977 mai zane Erhabor Emokpae ya zana ta cikin jerin gwarazan ƙasa, Ben Ekanem kuma ya ƙera mutum-mutuminta bisa doki da takobi a harabar babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Legas. A 2021 Izu Ojukwu ya fito da fim ɗinta a Netflix. Waɗannan mutane uku duk maza ne, kuma ƙarnoni sun raba su da ita. Ba laifi suka yi ba, ƙasa ce take neman jaruma suka samar mata. Sai dai ya kamata mu san cewa Aminar da ke bangon makarantu hasashen ’yan ƙarni na 20 ce.

Me ya sa babu zanen?

A Turai, inda al’adar zana fuska ta kafu, mata ƙalilan sun kutsa cikin sana’ar tun da wuri. A 1555 wata ’yar Italiya, Sofonisba Anguissola, ta zana ƙannenta mata uku suna wasan dara irin ta Turawa, ƙaramar tana dariya har haƙoranta a waje, abin da ba a saba gani a zanen ’ya’yan manya na lokacin ba. Yayarsu ce ke riƙe da burushi, don haka babu abin ɗari-ɗari. A Faransa, Elisabeth Vigee Le Brun ta zana Sarauniya Marie Antoinette kusan sau talatin, kuma a 1783 aka karɓe ta a ƙungiyar masu zane ta sarki.

A wajenmu hanya ta bi wani ɓangare daban. Malamai sun yi tsayin daka kan hadisan da suka hana surantar mai rai, sai gwanintar hannu ta karkata zuwa zayyana: dagi a goshin soro, aska takwas a ƙirjin babbar riga, zayyanar allon sauka. Mata ma suna da nasu fagen, wato lalle da kitso da saƙa da ɗinkin hula da jeren ɗaki. Macen da za ta iya jera kwanoni da tasoshi daga ƙasa har rufi, launi ya bi launi, ba a rasa ido gare ta ba. Fuskar mutum ce dai ba ta cikin abin da ake zanawa.

Da kyamara ta iso, a hannun maza ta iso: jami’an mulkin mallaka, ’yan mishan, sannan masu shagunan hoto a garuruwan da layin dogo ya ratsa, irin su Zariya da Funtuwa da Gusau. Matar kulle ba ta zuwa shago sai da lalura, namiji baƙo kuma iyakarsa zaure. Shi ya sa tsofaffin hotunan Arewa suka cika da sarakuna da dawaki da dalar gyaɗa. In mace ta fito, galibi mai tallar nono ce ko mai daka, kuma abin da ake rubutawa a ƙasan hoton bai wuce ƙabilarta da aikin da take yi ba.

Alƙalamin Nana Asma’u

Wadda ta fi kowa barin mana kamannin matan ƙarni na 19 ita ce Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. An fi saninta da ’Yan Taru, tsarin da ta kafa na tura jajis, wato shugabannin mata masu malfa da jan rawani, su koyar da matan karkara. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yawan marsiyyoyin da ta rubuta wa mata.

Ta yi wa ’yar’uwarta Faɗima. Ta yi wa aminiyarta A’isha, matar Muhammadu Bello. Waɗannan ’yan gidan mulki ne, ba abin mamaki. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, ta yaba kirkinta da son zumunci. Ta yi wa wata mata Zaharatu, wadda ta siffanta da koyar da waɗanda ba su sani ba, da zuwa wajen mai naƙuda, da wankan gawa duk lokacin da aka kira ta. Ta yi wa Hawa’u, ɗaya daga cikin jajis, wadda take jagorantar ayarin mata zuwa wajenta. A waƙarta ta Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta yi wajen 1837, ta fara da matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ’ya’yansa, ta biyo ta kan waliyyai irin su Rabi’atul Adawiyya, sannan ta sauko kan matan jama’arsu, irin su Joda Kawuri da ’Yar Hindu da Amina Lubel da Habiba. Ta jera matan ƙasarta a sahu ɗaya da matan Basra da Masar.

Littattafan jihadi da maza suka rubuta sun adana sunayen sarakunan yaƙi da wuraren da aka gwabza. Ungozoma mai wankan gawa ba ta da gurbi a cikinsu. In ba don Asma’u ba, da sunan Zaharatu ya bi ta kabari.

Amma a faɗi gaskiya, marsiyya tana da iyakarta. Alheri kawai take ambata, kuma manufar Asma’u ita ce ta kafa wa ɗalibanta abin koyi. Ba za ka ji wadda ta yi fushi ko ta yi rowa ba, ba kuma za ka san launin fatar kowa ba. Hoton hali ne, irin wanda Bahaushe ke nufi in ya ce kyan hali ya fi kyan fuska.

Wani abin lura shi ne hannun da ya fito da waɗannan rubuce-rubuce ga duniya. Jean Boyd, malamar makaranta ’yar Ingila da ta shafe shekaru masu yawa a Sakkwato, ta samu damar duba takardun da ke hannun Waziri Junaidu, ta fitar da tarihin Asma’u mai suna The Caliph’s Sister a 1989. A 1997 ita da Beverly Mack ’yar Amurka suka wallafa tarin ayyukanta. Mace ta siffanta mata, bayan fiye da shekara ɗari wasu matan suka zo suka siffanta ta.

Baba ’yar Karo

Na biyu ya fi kusa da mu ’yan kudancin Katsina. Karo wani ƙauye ne kusa da Zarewa a ƙasar Kano, can wajen da iyakokin Kano da Zazzau da Katsina suke kusantar juna. A nan Baba ta tashi, an haife ta a 1877, zuriyar Barebari manoma kuma malamai. Ta tsufa a Giwa, garin da duk mai zuwa Zariya daga Funtuwa yake ratsawa.

A 1949 wani mai binciken al’adu ɗan Jamaika, M. G. Smith, yana aiki a lardin Zazzau. Da yake shi namiji ne, cikin gida ya gagare shi, sai matarsa Mary Smith, wadda ta koyi Hausa, ta riƙa shiga wajen mata. A haka ta haɗu da Baba. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950 suka yi kimanin mako shida suna zama, Baba na faɗa, Mary na rubutawa. Baba ta rasu a 1951, littafin Baba of Karo kuma ya fito da Turanci a Landan a 1954. Ba ta gan shi ba.

Mijin ya rubuta Government in Zazzau, wanda ya fito a 1960, cike da sarautu da gidajen mulki. Littafin matar ya shiga inda nasa bai kai ba. Baba ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙi ’ya’yan ’yan’uwa, ta yi ungozomanci. Ta ba da labarin rinji da bayin gidansu, da mahara da ke kama mutane, da yadda dangi ke tara kuɗin wuri su fanso nasu. Ta yi bayanin ƙawance da biki da bori da zaman kishi da yadda mace ke fita daga auren da ba ta so. Ta kuma kawo matan da ta yi rayuwa da su kowace da halinta, mai haƙuri da mafaɗaciya. Ke nan hoto biyu ne a littafi ɗaya: Mary ta zana Baba, Baba ta zana matan zamaninta.

Nan ma akwai abin dubawa. Mary baƙuwa ce, aikin mijinta a ƙarƙashin mulkin mallaka ake yinsa, ita ce ta yi tambayoyin, ita ta fassara, sunanta ne a bangon littafi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Duk da haka, wanda yake son sanin yadda kakannin kakanninmu mata suka rayu a wannan yanki kafin zuwan Turawa da bayansa, da wuya ya samu madubin da ya kai wannan.

Burushi da takardar kuɗi

Zanen fenti da hannun mace ya iso Arewa ta Zariya. Clara Etso Ugbodaga-Ngu, wadda aka haifa a Kano iyayenta kuma ’yan ƙasar Edo ne, ta yi karatun zane a makarantar Chelsea da ke Landan. Daga 1955 zuwa 1964 ta koyar a kwalejin Zariya wadda ta zama Jami’ar Ahmadu Bello a 1962. A lokacin ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958. A wannan shekarar ita ma ta baje kolin ayyukanta ita kaɗai a Landan. Cikin zanenta da aka sani akwai na matan kasuwa, na 1961. Yau ɗalibin zane zai lissafa maka mazan nan ba tare da tuntuɓe ba, amma sunan malamar sai an tuna masa.

Ka duba aljihunka ma. A bayan naira 20 akwai Ladi Kwali, Bagwariya maginiyar tukwane, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, mace ta farko a wurin, ta rasu a 1984. Ita kaɗai ce macen da aka rubuta sunanta a takardar naira. A bayan naira 10 kuwa ’yan matan Fulani biyu ne ɗauke da ƙorai, ba suna ba gari. Tsohuwar al’adar nan ce ta hotunan Turawa, an ɗauke ta an ɗora a kan kuɗi.

Ƙwarya da littafi da kyamara

Funtuwa ta ba da nata kason. Hajiya Sa’adatu Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, ta shafe shekaru tana waƙar amada, mata na kaɗa ƙwarya a bayanta. A waƙoƙinta za ka haɗu da mai sana’ar cikin gida da malalaciya, da uwargida da amarya, da mai yawan haihuwa tana alfahari da abinta. Inda Asma’u ta rufa asiri, Barmani ta yaye labule, ta bar matan da barkwancinsu da gorinsu da kishinsu. Maza da yawa sun ɗauki waƙar a matsayin shashanci. Matan da ke liƙa mata kuɗi a gidan biki kuwa kansu suke gani a ciki.

A garin dai Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fito da Allura Cikin Ruwa a shekarun 1990, a Kano kuma Balaraba Ramat Yakubu ta riga ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Matan cikin waɗannan littattafai ƙagaggu ne, amma ɗakunansu da kayan lefensu da zaman kotunansu na gaske ne, kuma mai tarihin gobe zai dogara da su. A 2016 wata mai ɗaukar hoto ’yar Amurka, Glenna Gordon, ta fitar da littafin hotunan marubuta mata na Kano mai suna Diagram of the Heart, inda aka gan su a ɗakunansu da litattafan rubutunsu. Kasancewarta mace ne ya ba ta damar wuce zaure.

Yanzu kyamarar ta fara komawa hannun ’yan gida. A 2015 Fati Abubakar ta fara Bits of Borno a Instagram, tana nuna mutanen Maiduguri a kasuwa da biki da makaranta, a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga can sai gawa da ƙonannun gidaje. Rahima Gambo ta yi aikin da ta kira Tatsuniya tare da ’yan mata ’yan makaranta a garin, suna wasa suna tsara yadda za a ɗauke su. Ciwon ’ya mace na ’ya mace ne, in ji masu iya magana, kuma ana ganin haka a yadda waɗanda ake ɗauka suke sakin fuska.

Abin da na’ura ba ta da shi

Sana’ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma a nan ne lamarin ya fi tayar mini da hankali. A ’yan shekarun nan hotunan da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa sun cika Facebook da TikTok: ga Amina, ga Daurama, ga Nana Asma’u, har da ranar haihuwa a ƙasa. Mutane na yaɗawa suna sa albarka.

Irin wannan manhaja ba ta san kowa ba. An ciyar da ita miliyoyin hotuna, kowanne da ɗan bayanin da ke tare da shi, ta koyi wane kamanni ne ke yawan tafiya da wace kalma. In ka nemi sarauniyar Afirka jaruma, za ta haɗo maka abin da ya fi yawa a rumbunta, wato ’yan fim da ’yan tallar kaya, da sulken da bai taɓa zuwa Zazzau ba. Inda rumbun ya zama fanko ba ta yin shiru, cikewa take yi da na maƙwabta. Hotunan da ta haɗa kuma suna komawa intanet da sunan Amina a jikinsu, manhajar gobe ta sake cin su a matsayin hujja. Gani ya kori ji, haka muka gada. Yaron da ya ga fuskar da aka ce ta Asma’u ce mai ƙyalli zai riƙe ta fiye da marsiyyar Zaharatu, alhali marsiyyar ce ta fito daga hannun wadda ta san matar.

Amina ta riga ta wuce, fuskarta ba za ta dawo ba, kuma barin gurbin a buɗe ya fi cike shi da ƙarya. Amma tsofaffin da ke cikin gidajenmu a Bakori da Tsiga da Kabomo da Danja suna nan da ransu. Sun ga zamanin auduga da awon kaya, sun ga shigowar takin zamani, yanzu kuma wasunsu sun ga gudun hijira daga ƙauyukansu saboda ’yan bindiga. Kusan kowane gida akwai budurwa mai waya, wadda ke shiga ɗakin da mai hoton Funtuwa bai taɓa takawa ba. Abin da ake bukata kaɗan ne: a nemi izinin tsohuwa, a ɗauke ta yadda take so a gan ta, a naɗi muryarta, a rubuta sunanta da garinsu da shekarar da sunan wadda ta ɗauka. Bayanan nan huɗu su ne suka raba Ladi Kwali da ’yan matan naira 10.

Da Sallar da ta wuce na ba ƙanwata wayata, na ce ta shiga wajen Gwaggo. Da farko Gwaggo ta ƙi. Ta ce, “Me za a yi da hoton tsohuwa?” Ƙanwata ta ce jikoki ne za su so su gani. Ta yi shiru, sannan ta ce a ɗauko mata zanen saƙi da ta gada wajen Iya, kuma kada a ɗauka sai ta gama ba da labarin yadda Iya ta saye shi da kuɗin daddawa. Ana tsakiyar labarin dariya ta ƙwace mata, ƙanwata ta danna. Ashe ita ma tana da wushiryar.